Layin da Baba Is'haƙa Ke Ja Kowace Safiya

Da an sallame sallar asuba, kafin masu ƙosai su hura wuta, Baba Is'haƙa yakan ɗauki tsintsiya ya bi jar hanyar da ke bayan garejinsa, nan gindin dutse, yana shara. Ba sharar tsabta ba ce, don garejin kansa in ka shiga da farar riga da wata daban za ka fito. Tsakuwa yake kawarwa, da yashin da ya kwanta, da kashin jakai. In ya kai daidai wani tsohon dogon-yaro sai ya duƙa, ya ɗauki guntun ƙarfe, ya ja layi daga wannan gefen hanya zuwa wancan. Sannan ya koma ya sha shayinsa.

Baƙo zai ɗauka iyakar fili ce ake rikici a kanta. Mutanen Dogon Dutsi sun san ba haka ba ne. Wurin tsayuwarsa ne.

Baba Is'haƙa bakanike ne, amma birki kaɗai yake gyarawa. In injinka ne ke tari, zai nuna maka garejin gaba. Ga yadda yake sallamar aiki, tun yawancin direbobin garin nan suna goye. In ya gama gyara, shi zai fara shiga motar ya gwada ta, ya je ya dawo har ransa ya kwanta. Daga nan ya miƙa wa mai ita makulli, ya ce ya kai ta can ƙarshen hanya. Shi kuma ya taka zuwa layin nan ya tsaya a kansa, hannu a baya, kamar mai jiran a tayar da iƙama. Mai mota zai taho da gudu irin na cikin gari, in ya zo daidai wata tsohuwar taya da aka kafe a gefe ya taka birki. Motar za ta tsaya. A gabanta akwai mutum mai mata da 'ya'ya da jikoki, wanda bai ko ƙifta ba.

Ni mai wannan rubutu ban taɓa mallakar abin da ya wuce keke ba, shi ma da dunduniya nake tsayar da shi. Amma na daɗe ina kallon wannan abu daga bayan dogon-yaron, wanda gindinsa bai rufe rabin tumbina ba. Akwai abin da ido ke sabawa da shi. Wannan ba ya ciki.

An yi ta faɗin maganganu. Wasu sun ce doguwa ce ke tare masa mota, wai tun yana saurayi aka kai shi Lugu, garin 'yan bori, aka haɗa su. Da maganar ta kai kunnensa cewa ya yi, in da yana da mai tare masa mota, da bai ƙare ƙuruciyarsa kwance cikin baƙin mai ba. Matarsa Hindatu ita ta ba da dalilin da ya fi kama hankali. Ta ce farkon aurensu ya taɓa taimakawa wajen fito da mutane daga wata mota da ta ƙwace a hanyar Matankari, 'yan gida ɗaya. Da ya leƙa ƙarƙashinta sai ya ga an cusa ƙusa cikin tiyon birki. Tiyon ne ya riƙa yoyo, wani mai dabara ya toshe shi, motar ta ci gaba da yawo da birkin ƙafa uku. Ta ce ya dawo gida bai ci tuwo ba, washegari ya ja layi.

Wanda bai san motocinmu ba zai ce ƙari nake yi. Ya je garejin ya dubi gwangwanin da ke rataye a ƙofa, cike da ƙusoshin da aka ciro daga tiyon motocin mutanen kirki, masu salla a sahun gaba. Mu mutane ne masu son oda. In odar mota ta shaƙe ta daina ƙara, ranar za a gyara. Za a sayi labule, a rataya laya a madubi, a rubuta addu'a a gilashin baya da harufa masu ƙyalli. Amma in man birki ya ƙare a hanya, sai a kaɗa ruwan sabulu a ɗura, a ce in an isa gida za a canza. A isa gida, a yi wata shida.

Ga irin waɗannan masu mota Baba Is'haƙa yana da tayi guda. Duk wanda ya zo ya ce birkinsa lafiya lau, ɗan mai kawai za a ƙara, ba ya musu da shi. Sai ya karɓi makulli ya nuna masa layi, ya ce tunda lafiya lau ne ya je ya tsaya, shi zai tuƙo. 'Yan kasuwa sun sha wannan tayi, da ma'aikatan buro, da wani mai kaki da ba zan faɗi sunansa ba don ina son ci gaba da zama a garin nan. Ba a taɓa samun wanda ya tsaya ba. Galibi ciwon gwiwa ke taso musu nan take.

Kai ne, Baba, katangar da ba a gina da tubali ba. Kai ne ka hana mu ƙaryar da muka fi so, wadda mutum ke yi wa kansa yana riƙe da sitiyari. Ba ka da daɗin baki, wannan kowa ya shaida, har Hindatu. Amma ba a taɓa jin motar da ta bar hannunka ta ƙi tsayawa ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da ya faru ranar da ya ajiye aiki, ba tare da ya gaya wa kowa ranar ce ba.

Ja'afaru mai atamfa, na cikin kasuwa, yana da tsohuwar mota mai dogon baya, irin wadda ake ce wa familiyal. Ya san halinta kamar yadda mutum ya san halin surukarsa. In yana son tsayawa a ƙofar gida, tun daga masallacin unguwa yake fara taka birki, ya taka ya saki, ya taka ya saki, har ta ga dama. A ganinsa wannan ba lalacewa ba ce, fahimtar juna ce. To sai 'yarsa ta fari, Nusaiba, ta haihu a Tibiri, gida kuma ya ɗauki shirin zuwa suna. Matarsa Ramatu ta ce ita da yaranta ba za su shiga motar nan ba sai Baba Is'haƙa ya gani, in kuwa ba haka ba za ta hau kabu-kabu da turmin atamfa a ka, duk garin ya kalla. Ana jibi suna Ja'afaru ya kawo mota.

Ya ce ɗan mai za a ƙara. Tsohon ya buɗe kwalbar man, ya tsoma yatsa, ya murza, ya shinshina.

"Ɗan Ajuma," ya ce, don da sunan uwarsa yake kiransa tun yana yawo ba wando, "wanki za ka yi da ita ko tahiya?"

Ja'afaru ya fara bayanin wani ƙauye da man ya ƙare masa, da wani bawan Allah da ya taimaka. Aka nuna masa layi. Ya dubi layin, ya dubi motarsa, ya ji gwiwarsa ta hagu ta motsa. Ya ce a gyara duka.

A nan abu na farko ya faru da ya sa masu zaman benci suka dubi juna. Baba Is'haƙa bai jawo tabarmarsa ya kwanta ƙarƙashin motar ba. Ya koma ya zauna, ya kira Nazifi, ya ce motar tasa ce. Nazifi ba yaro ba ne. Magidanci ne mai furfura a gemu, 'ya'yansa na lakwal, wato makarantar boko, kuma a garejin nan ya girma. Ya iya komai. Amma a duk shekarun nan ɗaurin ƙarshe na kowane birki hannun tsohon ne ke yi, ko da zazzaɓi yake. Ja'afaru ya buɗe baki zai ce shi wurin Baba ya kawo mota, ya tuna Nazifi na tsaye kusa da shi, ya mayar da maganar ta koma tari.

Nazifi ya cire ƙafafun huɗu. Falaket ɗin gaba, wato abin da ke cije ƙafar mota in an taka birki, sun cinye har ƙarfe na gugar ƙarfe. Tiyo ɗaya ya kumbura kamar hanjin rago. Ya canza su, ya wanke ruwan sabulun tas, ya zuba sabon mai. Sannan ya sa Ja'afaru a kujerar direba don a fitar da iskar da ta shiga tiyo, shi yana ƙarƙashi yana ba da umarni: taka, riƙe, saki. Mai atamfa ya yi ta takawa har gumi ya jiƙa masa hula. Duk wannan tsohon na kan benci da kofin shayi. Bai taso ba, bai leƙa ba, bai ce a ƙara ɗaure wancan ba. Mutumin da ke gyara wa liman yadda ake ajiye keke.

Bayan la'asar aka zo kan buhuna. Wannan ma ka'idarsa ce: ba a gwada motar iyali fanko, don ba fanko za ta yi tafiya ba. Akwai buhunan yashi a jingine, mai mota zai faɗi duk wanda zai shiga, a saka buhu a kujerarsa. Aka saka na Ramatu, da na yara, da na ƙanwarsa. Da aka zo kan gwaggonsa Adama, Ja'afaru ya ce buhu ɗaya. Daga kan benci tsohon ya ce ya ji tsoron Allah. Aka saka biyu. Aka ƙara na garar suna a baya har motar ta zauna.

Nazifi ya shiga ya gwada ta, ya je ya dawo, ya sake. Ya fito ya ba Ja'afaru makulli, ya goge hannu a wando, ya nufi layi. Kowa ya san dokar: wanda ya gyara shi ke tsayawa. Kafin nan labari ya zaga cewa yau Baba bai taɓa mota ba, har masu faci da masu shayi sun taru. Ina wurina na kullum.

Sai ga tsohon ya riga shi. Ya taho a hankali yana jan ƙafa, ya tsaya, ya shafa ƙasa da takalmi har ya ji kwarmin layin, ya mai da hannu baya.

"Maigida, ni nag gyara," in ji Nazifi. "Ni ka tsayawa."

"Kai kag gyara mota. Ni kuwa wa nag gyara?"

Tsohon ya ci gaba:

"Kowa shi tsaya gaban aikinai. Kai ne nawa. Kauce."

Ja'afaru na can ƙarshen hanya cikin mota, bai ji wannan ba. Ya dai ga Nazifi ya taho wurinsa da sassarfa, ya duƙo ta taga, fuskarsa ta yi fari kamar an watsa mata toka. Cikin raɗa ya gaya masa abin da shi da Hindatu kaɗai suka sani. Idon tsohon ya tafi. Tun bara yake raguwa, yanzu haske da duhu kawai yake rarrabewa. Nazifi ke ajiye masa kowane ƙarfe inda hannunsa zai faɗa, shi ke raɗa masa sunan mai shigowa. A da, in wani abu ya kuskure, aƙalla yana ganin motar, yana iya tsalle. Yau ba zai ga komai ba.

Ja'afaru ya kashe mota ya fito. Ya tako har layin, ya durƙusa, babban mutum mai jika, ya ce a yafe masa wannan gwaji. Ya ce ya yarda da aikin, wallahi ya yarda, a sa buhu a kan layin in dole sai an sa wani abu. Bai faɗi abin da aka gaya masa ba, amma muryarsa ta faɗa, don tsohon ya ɗan juya kai wajen da Nazifi yake, ya ce ashe bakin wasu ma yana son a ɗaure shi.

"Ɗan Ajuma, tashi. Gobe wa za ka ɗauka cikin motag ga?"

Ja'afaru ya lissafa su.

"In ba ka yarda ka taho ma tsoho guda da ita ba, ƙaƙa za ka aza su ciki? Ko ka taho, ko ka bar ta nan ku hau kabu-kabu. Kuma kak ka yi mini tahiyar hawainiya. Kunnena lahiya lau shike."

Ja'afaru ya ce bai san yadda ya koma cikin motar ba. Ya tayar da ita. Ta cikin gilashi yana hango ɗan siririn tsoho cikin shuɗiyar rigar aiki, da jar hanya shararriya tsakaninsu. Ya dubi buhun da ke kujerar gefensa, wanda aka ce shi ne Ramatu. Ya ce a lokacin ne ya fara ganin motar nan a matsayin abin da ke iya kashe mutum, bayan shekarun da ya yi yana kai yara lakwal a cikinta. Ya saka giya. Ya ƙara. Ƙafarsa na son ta fara tsohon halinta na taka-saki tun daga nesa, ya hana ta. Tayar da aka kafe tana matsowa. Tsohon yana ƙara girma a gilashi, fuskarsa ta ɗan karkata, ba motar yake kallo ba, sauraronta yake. Daidai tayar Ja'afaru ya taka da duk nauyin da Allah ya ba shi.

Birkin bai nutse ba. Ya tare ƙafarsa da tauri kamar dutse. Motar ta dunƙule gaba, buhun Ramatu ya daki gaban mota, ɗaya daga cikin na gwaggo Adama ya faɗo tsakanin kujeru. Jar ƙasa ta tashi ta rufe komai.

Da ta lafa, yana nan tsaye. Tsakaninsa da hancin motar akwai wurin da za a shimfiɗa tabarmar salla.

Mun buɗe baki za mu yi hamdala, sai muka ga ya sako hannu ɗaya daga baya, ya miƙa shi gaba, yana laluben iska. Ya laluba dama, ya laluba hagu.

"Ina tat tsaya?" ya ce.

Na sha ganin taro ya yi shiru, amma ban taɓa jin irin wannan ba. Mai shayi ya tsaya da buta a sama. A nan duk muka gane. Muka tuna jan ƙafar nan, da shafa layi da takalmi, da yadda kwanakin baya yake gaishe mu sai mun fara magana. Muka shiga tunanin motoci nawa ya tsaya wa a haka, mu muna bayan itace muna kallo kamar wasa. Ba wanda ya amsa masa. Ni da ake cewa bakina ba ya mutuwa, na neme shi na rasa.

Shi ya tako da kansa har tafin hannunsa ya sauka kan ƙarfen motar mai zafi. Ya ɗan bubbuga shi. Ya ciro guntun ƙarfen jan layi daga aljihu ya miƙa, Nazifi ya karɓa da hannu biyu. Sannan ya ce ƙafar baya ta hagu ta riga 'yar'uwarta kamawa kaɗan, a sake dubawa kafin magariba. Nazifi ya ce to, Maigida, ya juya ya shige ƙarƙashin motar. Ya daɗe a can fiye da yadda aikin ke bukata. Ja'afaru kuwa sai da aka ɓamɓare yatsunsa daga sitiyari.

Washegari suka tafi Tibiri. Na so in ba ku labarin wani abin al'ajabi a hanya, amma babu. Garken shanu ya ratsa gaban su bayan wata kwana, Ja'afaru ya taka, mota ta tsaya, makiyayin ya ɗaga sanda ya gaishe su, shanu suka wuce. Ramatu ba ta ko katse labarin da take bayarwa ba. Aka yi suna lafiya. Ja'afaru ya so ya roƙi a sa wa jaririn Is'haƙa, aka tuna masa mace ce. Balki aka sa.

Wannan shi ne wahalar yabon mutum irin Baba Is'haƙa. Aikinsa in ya yi kyau, ba abin da ke faruwa. Ba a kafa rumfar makoki, ba a tara mutane a gidan likita, ba a samun labari. Akwai 'yan mata a garin nan da aka kai ɗakinsu, da samari masu kabu-kabu, da tsofaffi masu jiran jikoki, waɗanda ba su san cewa wata rana, a wata kwana, an taka birki ya kama ba. Ba za su taɓa zuwa su gode masa ba, don ba su san akwai abin godiya ba.

Kada wani ya karanta wannan ya je ya tsaya gaban mota. Na faɗa da babbar murya, ni da na san daɗin bayan itace. Har Nazifi mun taru mun roƙe shi ya riƙa sa buhu, ya ce zai yi tunani, kuma da alama irin tunanin maigidansa ne. Abin koyi ba tsayuwar ba ce kaɗai. Magini ya tambayi kansa ko zai kwana ƙarƙashin rufin da ya yi. Mai sayar da magani ko zai ba ɗansa abin da ya miƙo. Mai koyarwa ko zai miƙa wuyansa ga wanda ya koyar. Mai mota kuma, kafin ya sayi sabuwar oda, ya je ya dubi gwangwanin nan.

Yanzu Nazifi ke shara da asuba. Tsohon yana zuwa da hantsi, Hindatu ko wani jika ya rako shi, ya zauna gindin dogon-yaro yana sauraron motoci. Kafin ya zauna sai ya shafa layin da takalmi, ya ce ya karkace. Kullum sai ya ce ya karkace.

Baba Is'haƙa, Allah ya saka maka, ya ba ka lafiya, ya sa hasken da ya rage maka a ido ya tarar da kai a gaba. Mun gode da shekarun da ka yi kana tsaya mana. Ran nan ka yi tambaya a gaban jama'a, muka bar ka kana lalube, don kunya da firgici sun ɗaure mana harshe. Na san za a karanta maka wannan, to ga amsarka, ko da ta makara. Ta tsaya nesa da kai, Baba, da sauran fili. Aikinka ya kama.